Littafin aikin farfaɗo da faƙon gidanmu a ƙasar Dukku

6 ga Afrilu

Mun kafa turakun farko. Filin hekta ɗaya ne, gadon gidanmu, yana arewa da ƙauye a gefen burtali. Baffa ya ce da ƙuruciyarsa gamba ce cike da wurin, mai shanye tsayin mutum, daga nan ake yankan ta zana da ta jinka. Yau faƙo ne, saman ƙasa ya daskare kamar daɓen ɗaki, sai 'yan sabara da tumfafiya jefi-jefi da tsidau mai bin ƙasa.

Ba gona nake nufin yi ba, ba kuma gandun itatuwa ba. Makiyaya nake so ta dawo. Tun da aka fara shirin dashen itatuwa na jihar Gombe a 2019, ga kuma aikin Babbar Ganuwar Itatuwa da ya ratsa jihohin arewa 11 har da tamu da Bauchi, maganar bishiya ta shiga bakin kowa, kuma abu ne mai kyau. Amma saniya ciyawa take ci. Ga makiyayar Wawa-Zange kusa da mu, faɗinta ya haura hekta dubu 100, kuma duk makiyayin da ka tambaya zai lissafa maka ciyayin da ya daina gani. Wannan lissafin nasu ne ya dame ni.

Na raba filin kashi huɗu, kowanne kwatan hekta. Na ɗaya shinge kawai zai samu, ba za a taɓa ƙasarsa ba. Na biyu za a haƙa masa ramukan rabin-wata, wato ramuka masu siffar rabin da'ira da ke tare ruwan sama, a zuba taki, a watsa irin kyasuwa, yadda aka saba yi a ayyukan gyaran makiyaya. Na uku rabin-wata ne shi ma, amma babu taki, sai ingiricin da na tara tun kakar bara. Na huɗu jeren duwatsu da dashen gamba. A kowane kashi an kafa turaku goma, a nan zan riƙa aza wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, mita ɗaya ta kowane gefe, ina ƙirga irin tsirran da ke ciki.

Maƙeri ya haɗa ƙarfen a ₦6,000. Ma'aunin ruwan sama na roba, daga Gombe, ₦9,500.

14 ga Afrilu

Awon gangare ya ci mana lokaci. Da ido filin a shimfiɗe yake, amma da muka ɗauko tiyon da magina ke awon lebur da shi, muka cika shi da ruwa, sai ga shi yana zubewa a hankali daga burtali zuwa kudu maso gabas. Mun ja layukan da toka.

Rabin-wata da muke haƙawa faɗinsa mita 4, zurfinsa kamar taƙi guda, bakinsa yana fuskantar tudu, ƙasar da aka fitar kuma ita ce kunyar da ke bayansa. Ba a jera su ɗaya bayan ɗaya, ana saɓa su, ta yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu na sama zai faɗa cikin na ƙasa. A Nijar, inda aka fi gogewa da wannan aiki musamman yankin Tawa, lissafinsu 313 ne a hekta. Da wannan na bi, kowane kashi ya tashi 78.

Diga ce kawai ke shiga ƙasar nan, fartanya tsalle take yi. Samari shida ke aikin, daga asuba zuwa hantsi, don zafin Afrilu ba ya barin mutum ya wuce haka. Mun yi jinga a ₦800 kowane rami. Ruwan shansu ma saye nake, kowa ya san halin Dukku, rijiya ba ta cim ma ruwa sai an yi nisa ƙwarai.

27 ga Afrilu

An gama haƙa, rami 156, kuɗin aiki ₦124,800. Taki amalanke 10 ya shiga kashi na biyu, ₦4,000 kowace, daga garken maƙwabci.

Ingiricin kashi na uku shi ne abin da na fi sa rai a kansa. Kowace kaka mutanen gari na yin gayyar share tsohuwar maƙabarta, a tara ciyawar waje a cinna mata wuta. Bara na nemi izinin Liman da Jauro aka bar mini ita. Wurin ba a taɓa sa masa garma ba, dabba ba ta shiga, saboda haka ciyayin da suka ɓace a daji suna nan a raye. Na ƙara da wadda na yanka a gindin wani dutse da ba a nomawa. Duk na adana a rumfa a kan tamfol, har da ƙaiƙayin da ya zube ƙasa, don a cikinsa yawancin irin yake. Yau muka shimfiɗa shi a ramukan, ba da kauri ba, muka danne da 'yan duwatsu da ƙasa kada iska ta kwashe.

Baffa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, abincin gara kake shimfiɗawa." Na ce, "Baffa, ita ma ina gayyatarta." Da gaske nake. Gara in ta zo cin tattaka takan huda faƙo, ta bar ƙananan hanyoyin da ruwa zai bi ya shiga. Manomin nan na Burkina Faso, Yakubu Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, da wannan dabarar ya yi suna: rami, taki, sai gara ta ƙarasa aikin.

3 ga Mayu

Shinge ya zagaye, mita 400, da rassan magarya da bagaruwa. Sassabe aka yi, ba a kayar da itace ko ɗaya ba. ₦55,000. An ɗauko duwatsu amalanke 14 don kashi na huɗu, ₦42,000, ana kan jerawa.

12 ga Mayu

Ruwan farko, cikin dare, milimita 18. Da gari ya waye na zaga. Kashi na ɗaya har ya bushe, ruwan ya gudu ya bar layin yashi. Ramukan kuwa kowanne da ruwa kwance, wasu har hantsi bai gama tsotsewa ba.

Na yi wa samarin lissafin a ƙasa don su ga abin da suka haƙa. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Kwatan hekta murabba'in mita 2,500 ne, to ruwan daren jiya lita 45,000 ke nan a kan kowane kashi, duro 225. Mutumin da ke sayen ruwa da jarka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kashi na ɗaya ya samu duro 225 kamar sauran, ya sallame su gaba ɗaya zuwa kwari.

19 ga Mayu

An ƙara milimita 6 ranar 15. Ramukan kashi na biyu sun yi kore shar, kyasuwa ta fito tsam, tare da zaƙi-banza da tafasa da taki ya zo da su. Na uku tsiro kaɗan ne tsakanin tattaka. A bayan jeren duwatsu yashi ya fara taruwa, ƙarangiya da guɗe-guɗe sun leƙo.

4 ga Yuni

Tun 15 ga Mayu ko ɗigo. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso, ya watse. Manoman da suka yi shukar gero da ruwan farko suna maganar sake shuka.

Ɓarnar tana da yawa, kuma ba iri ɗaya ba ce a ko'ina, shi ya sa zan rubuta ta dalla-dalla. A kashi na biyu, kyasuwar da ta fito a kan kunya da gefen rami ta ƙone ƙurmus. Wadda ke tsakiyar rami ta lanƙwashe amma tana da rai. A ƙiyasina fiye da rabin abin da ya tsiro ya tafi, kuma iri ne da ba zai dawo ba, don ƙwayar da ta riga ta fasa ba ta da wata dama ta biyu. A bayan duwatsu, ƙarangiya da guɗe-guɗe sun mutu kusan duka, yashin da ya taru bai kai kaurin da zai riƙe laima ba. A kashi na uku na tura yatsa ƙarƙashin tattaka na ji sanyi-sanyi, tsiron da ke wurin bai yi girma ba amma yana tsaye. Gara ta shiga sosai, na ɗaga tattaka na ga ƙasa ta yi huda-huda.

Abin da farin nan ya nuna mini shi ne, ciyayin damina ɗaya ba hali ɗaya gare su ba. Akwai masu gaggawa, irin ƙarangiya, da ƙasa ta jiƙa sun fito. Shekarar da ruwa ya ɗore bayan saukar farko, su ke cin fili, don sun riga kowa kafa jijiya. Shekarar da ya yanke kamar bana, su ke fara hallaka. Akwai kuma masu jinkiri, yawanci dangin wake irin gadagi da baba, da ƙwayarsu ke da ɓawo mai tauri. Ba sa fasawa gaba ɗaya, wasu yanzu, wasu sai an yi ruwa uku ko huɗu, wasu ma sai baɗi. Saboda haka shekara biyu za su iya samun ruwa daidai wa daida a ma'auni, amma ciyawar da za ta rufe daji ta bambanta, gwargwadon yadda ruwan farko ya zo da tsawon tazarar da ta biyo baya. Makiyaya sun daɗe da sanin haka. Su ne ke cewa bana shekarar ƙarangiya ce, bara ta burburwa.

Filin da ke da iri ɗaya a cikin ƙasarsa, fari guda na iya tsiraita shi. Wanda ke da iri talatin, in goma sun mutu ashirin na jiran ruwa na gaba. Wannan ne dalilin da ya sa nake ƙirga iri, ban tsaya ga auna dami ba.

Ban yi ban-ruwa ba. An ba ni shawarar in kira tanka, na ƙi. Abin da ba zai rayu da ruwan Allah a faƙon nan ba, ba shi da amfani ga makiyayin da zai kwaikwayi aikin.

10 ga Yuni

Alhamdulillahi, milimita 24 jiya da la'asar.

23 ga Yuni

Ruwa ya zauna, sau uku cikin kwana goma. Yau muka dasa gamba. Ban yi amfani da iri ba, don irin gamba ba shi da tabbas, da yawa ƙaiƙayi ne babu ƙwaya, wanda ke da ita ma sai ya kwana wata da watanni kafin ya yarda ya tsiro. Gindi muka samo daga iyakar gonar Kawu, inda ya bar ta a matsayin shaida, muka tsattsaga, kowane tsagi da jijiyarsa da 'yan kara uku ko huɗu, muka rage ganyen. An dasa a bayan jeren duwatsu, taku biyu tsakani.

Kawu ya so in matse su. Na bar tazara da gangan. Gamba ciyawa ce mai ɗorewa, jijiyarta na nisa, ita ke fara toho kafin damina ta kankama, ita ke ƙarshen bushewa, kuma wuta ba ta kashe gindinta. Ƙarfin nan nata ne ya sa aka ɗauki irinta daga Shika ta Zariya zuwa Kolombiya a 1973, daga baya ta zama ciyawar kiwo a can da Brazil. A arewacin Ostireliya kuwa, inda aka kai ta don shanu, ta bazu ta danne ciyayin ƙasar, tana haddasa gobara mai zafi, har hukuma ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. A nan gidanta ne, akwai masu cinta da masu yankanta, amma duk da haka ina son a samu sarari tsakanin gindi da gindi inda ƙanana za su rayu.

Kuɗin masu dashe ₦12,000.

9 ga Yuli

Ruwan daren Lahadi ya yi mana ɓarna. Milimita 61 cikin abin da bai kai awa biyu ba. Burtalin da ke samanmu ya zama rafi, don kofaton shanu ya daddaɓe shi, ba ya shan komai. Ruwan ya fasa shinge ta arewa ya afka wa layin farko na kashi na biyu. Kunya 11 suka karye, kuma da ta sama ta fashe sai ta tura wa ta ƙasa abin da ya fi ƙarfinta. Taki da ƙananan tsirrai sun tafi kwari. A kashi na uku rami 4 ne suka fashe, tattakar ta rage wa ruwan gudu. Jeren duwatsu bai motsa ba, shi ba ya tare ruwa, tace shi yake yi, ya riƙe ƙasa da iri ya bar sauran ya wuce.

Rabin-wata an yi shi ne don ruwan da ya sauka a gabansa, ba don na unguwa guda ba. Mun gyara kunyoyin, muka sa duwatsu a ƙahonnin kowace ta layin farko don ambaliya ta zube ta nan ba tare da ta ci ƙasa ba. Sannan muka ja dogon jeren duwatsu a wajen shinge, tsakaninmu da burtali. Kafin haka sai da na je wurin Ardo, kada a ɗauka hanya nake tarewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, dutsen bai kai gwiwar ɗan maraƙi ba, kuma ba zai shiga burtali ko taku ɗaya ba." Ya turo ɗansa ya duba, aka yi aikin a gabansa.

Gyara da ƙarin duwatsu, ₦31,000, kuɗin da ba ya cikin lissafi.

Milimita 61 ɗin nan za ta shiga jimillar shekara ta ƙara mata kyau, alhali rabinta ko fiye ba ta amfani filin ba. Yayyafi uku na milimita 20 sun fi ta albarka nesa ba kusa ba.

21 ga Yuli

Ƙirga ta farko. Na ɗauki Goggo, don idonta ya fi nawa a kan ƙananan ganye, tun suna da kunne biyu take gane su. In ta faɗi suna in rubuta, wanda muka kasa ganewa in ciro ɗaya daga wajen ƙarfen in matse a tsohuwar jarida.

Kashi na ɗaya, iri 5: tsidau, ƙarangiya, gogamasu, nonon kurciya da garmani, su ma a inda wata 'yar ƙasa ta taru gindin sabara. Sauran fili fayau. Shinge ya hana dabba shiga, amma bai buɗe ƙasa ba, bai kuma kawo iri ba.

Kashi na biyu, iri 14. Kyasuwa ce kan gaba duk da asarar Yuni, sai harƙiya, tuji, guɗe-guɗe, zaƙi-banza, tafasa, rai-ɗore, gasaya, har da 'yan bagaruwa da suka fito daga kashin awaki.

Kashi na uku, iri 19. Burburwa, harƙiya, ƙafar fakara, datsi, gadagi, baba, yaryaɗi, alkamar tururuwa, balasana, lalo, karkashi da wasu. Goggo ta durƙusa kan karkashin ta ce, "Ɗan nan, rabon da in tsinki wannan a arewacin gari tun kafin a haife ka." Ta nemi in bar ta ta riƙa tsinka. Na ce sai dai wajen turaku, kuma a bar wasu su yi 'ya'ya.

Kashi na huɗu, iri 9. Gamba ta kama, cikin kowane goma kamar bakwai sun yi sabon toho.

2 ga Agusta

Awaki sun shiga ta kudu inda ƙaya ta zauna. Sun yi awa ɗaya ko fiye kafin yara su gani. Ba su kula kyasuwa ba, kashi na uku suka nufa suka bi gadagi da yaryaɗi suna zaɓa. Turaku uku sun shafu. Haka makiyaya ke lalacewa a hankali: dabba na cire mai daɗi tun bai yi iri ba, ta bar tafasa da garmani su zuba nasu, shekara kaɗan sai a ga fili kore amma babu abin ci.

Masu awakin maƙwabta ne, mun yi magana cikin mutunci. An ƙara ƙaya, ₦8,000. Na kuma ɗauki wani yaro ya riƙa zagawa safe da yamma, ₦10,000 a wata.

18 ga Agusta

Marka. Kwana biyar rana ba ta fito sosai ba. Ramuka cike, a wasu na kashi na uku ruwa ya daɗe har jiji da zamarke sun fito a tsakiya, abin da ban shuka ba ban kuma zata ba. Rami ɗaya ya zama wuri uku: tsakiya mai laima, gefe mai matsakaici, kan kunya mai bushewa, kowanne da masu sonsa.

Duk wanda ya biyo burtali kashi na biyu yake nunawa. Kyasuwa ta kai ƙirji, kore har da baƙi-baƙi. Mutane na cewa wannan ne ya yi. Na shiga ciki na buɗa da hannu, ƙasa duhu, gasaya da tuji da guɗe-guɗen da muka ƙirga a Yuli sun yi rawaya sun siraɗe, wasu sun ruɓe. Taki da ruwa sun ba mai saurin girma dama ta yi sama ta kwashe hasken, na ƙasa suka rasa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. A Rothamsted ta Ingila akwai wani filin ciyawa da aka yanka ƙanana-ƙanana tun 1856, ana zuba wa kowanne takinsa daban, ana yanka ana aunawa har yau. Inda ba a taɓa sa taki ba ana samun iri wajen 40. Inda aka daɗe ana zuba takin zamani mai sa ƙasa tsami, an fi samun dami, amma iri biyu ko uku suka rage. Ƙasarsu da ruwansu daban da namu, amma abin da na gani a ƙarƙashin kyasuwar nan shi ne dai.

Ba na raina kyasuwa. Mai shanun da ke neman abin da zai kai shi Maris yana da hujja in ya so ta, kuma ta rufe faƙo cikin damina ɗaya, ganyenta da jijiyarta za su zama ƙasa. Amma ciyawar damina ɗaya ce, in ta bushe ta yi kara ƙarfinta ya ragu, kuma na ga yadda farin mako uku ya yi mata. Gadagi da 'yan uwansa su ke ɗauke da abin gina jiki, su ke kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi ta ƙulle-ƙullen da ke jijiyarsu. Makiyayar da babu su, cikon ciki ce kawai.

Na yanke rabin kashi na biyu da lauje, daidai gwiwa, na bar rabi, don in ga ko haske zai ceto na ƙasa. An ba Baffa ciyawar ya kai wa shanunsa.

8 ga Satumba

Ƙirga ta biyu, yanzu da yawa sun yi fure ko kai, ganewa ta yi sauƙi.

Na ɗaya ya tashi daga 5 zuwa 7. Na biyu ya sauko daga 14 zuwa 8 a inda ban yanka ba, inda na yanka kuwa 12. Na uku ya kai 26, har da tsaure guda biyu da wata ciyawa mai jan kai da Baffa ya ce da ita ake jinka a da. Na huɗu 13, gamba ta kai ƙugu, ƙasar da ta taru bayan duwatsu ta kai kaurin yatsu huɗu a wasu wurare.

Akwai iri biyar a jaridata da har yanzu ba mu sa musu suna ba. Zan kai su sashen nazarin tsirrai na jami'a a Gombe in an koma karatu.

Wani abin lura: turaku ukun da awaki suka taɓa ba su koma baya a yawan iri ba, gadagin ne dai bai yi 'ya'ya da yawa ba. Kiwo kaɗan a kan lokaci ba shi ne abokin gaba ba. Wanda ba ya ɗagawa shi ne matsala.

29 ga Satumba

Ruwa ya fara ja baya. Kyasuwa ta yi bunu. An fara tsinkar kan burburwa da ƙwansar gadagi daga wajen turaku, ana shanyawa a inuwa.

20 ga Oktoba

Ruwan ƙarshe ya sauka ranar 7, milimita 9. Jimillar abin da ma'aunina ya kama daga Mayu zuwa yau milimita 742. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan a Agusta ya zo.

An yanka murabba'in mita biyar a kowane kashi, an shanya, an auna da sikelin mai shago. Na biyu ya ninka na uku kusan sau biyu a nauyi. Na huɗu yana bin na uku. Na ɗaya bai cika hannu ba. Yanzu da komai ya fara bushewa, gamba ce kaɗai kore, sai yaɗiya da ta hau shinge.

Babban abin tsoro yanzu wuta. Mun share hanya mai faɗin mita 4 kewaye da shinge, aka kwashe tattakar aka zuba a kan faƙon kashi na ɗaya ta gefen yamma. ₦18,000. Na roƙi Jauro ya ja kunnen yara masu farautar gafiya.

9 ga Nuwamba

Jimillar kashewa zuwa yau, har da kuɗin mai gadi na wata uku, ₦376,300. Haƙa ramuka ne ya ci kashi ɗaya cikin uku, kuma ba za a maimaita shi baɗi ba, sai gyaran kunya.

Na zauna da Ardo da Baffa kan kiwon rani. Mun tsayar cewa daga Janairu, bayan iri ya gama zuba, za a shigar da shanu biyar kashi na biyu kawai, da safe, na mako biyu, su rage kyasuwa su tattake iri cikin ƙasa. Kashi na uku da na huɗu ba za a taɓa su ba bana, gamba sai ta shekara biyu kafin baki ya hau ta. Ardo ya nemi buhu ɗaya na ƙaiƙayin kashi na uku don wani faƙo da ke bayan rugarsu, na ce sai ya haɗa da haƙa, in ba haka ba iska da ruwa za su kwashe. Zai turo samari biyu su koyi awo da tiyo a Maris.

Shirin baɗi: kashi na ɗaya zan raba biyu, rabi ya ci gaba da zama yadda yake don kwatance, rabi a shimfiɗa masa ingirici ba tare da rami ba, in ga iyakar abin da gara kaɗai za ta iya. A kashi na biyu ba za a ƙara taki ba, za a yanka kyasuwa tun farkon Agusta kafin ta rufe, a watsa irin gadagi da burburwa a gefen ramuka. Gindin gamba da suka mutu za a maye su a ƙarshen Yuni. Ma'aunin ruwa zan ƙara ɗaya a kudancin fili, in kuma riƙa rubuta tsawon lokacin da kowane ruwa ya ɗauka, ba yawansa kaɗai ba.

Gayyar share maƙabarta ranar Asabar ce. Liman ya amince a sake ba ni ciyawar, na tanadi amalanke biyu da tamfol.